Kwalbar Goge Hannu Ba Ta Wanke Maganin Feshi

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a. Ina gaida Hajiya da iyali duka, ina gaida Liman da Maigari da duk wanda ke zama da ku a kan al'amuran gari. Ina yi muku barka da fitar damina. Allah ya sa albarka ga abin da anka girbe, ya ba mu rani mai sauƙi.

Ni ne Haruna, babban ɗan abokinka marigayi Malam Isa. Daga Fatakwal nake rubuto wagga takarda, inda nake sayar da albasa shekara da shekaru. Ka san yadda gidanmu yake tun rasuwar mahaifinmu. Ni ina nan kudu ina tsaron rumfa, ƙanena Nasiru yana gida yana noman fadamarmu, shi ke riƙe da Inna da iyalina da nashi. Abin da ya noma shi nake sayarwa, abin da na sayar shi muke ci. In Nasiru ya kwanta, gida biyu sun kwanta.

Na san ba tarbiyyarmu ba ce yaro ya rubuta wa sa'an ubansa takarda a bainar jama'a, kuma na daɗe ina juya abin a raina kafin in yi. Zan faɗi dalilin da ya sa na yi haka in na zo wurin. Abin da nake roƙo tun farko shi ne a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Magana ce a kan duron ruwan da ke bakin fadama, da kwalaben goge hannu da kwamiti ya raba a madadinsa.

Ga wanda bai san wurin ba, akwai wata tsamiya daidai inda hanya ta gangara fadamarmu. Nan masu aiki ke taruwa cin abincin rana. Shekarar da cutar korona ta zo, ƙungiya ta ajiye duron roba mai famfo a gindin tsamiyar, da sabulu. Mu da ke ci-rani mun sa hannu a wannan aiki da farin ciki. Cuta ta wuce, duro ya zauna, mutane sunka saba. Mai dashe da mai ban ruwa da mai feshi, kowa in ya hawo sai ya tsaya ya wanke hannu kafin ya buɗe kwano.

Ranin da ya wuce kwamiti ya ɗauke duron. An gaya mini dalilai, kuma ban ce ƙarya ba ne. Famfon ya fara yoyo. An rasa mai cika shi kullum, kowa na cewa aikin wani ne. Awaki na cinye sabulun. Wurin ya zama caɓi. Sai anka sayo ƙananan kwalaben man goge hannu, wanda ake ce ma sanitaiza, anka raba gida gida, anka sa mai shela ya zagaya ranar kasuwa. Mutane da dama sun maimaita mini abin da ya faɗa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Cewa ya yi duk wanda ya shafa wanga magani, ko babu ruwa hannunsa ya tsarkaka, ya fi sabulu ƙarfi, asibiti ma da shi suke aiki.

Baba, ka san Nasiru. Tun yana ƙarami abokansa ke yi mishi ba'a da tsabta, suna ce mishi Baturen fadama, don ba ya sa hannu a kwano sai ya wanke. Da a ce ƙazami ne da ban rubuto ba. Tsabtarsa ce ta sa ya riƙe kwalbar nan da gaskiya. Zare ya samu ya ɗaure ta a igiyar injin feshinsa, don kada ya manta da ita.

Ranar da abin ya faru feshin maganin ƙwari ya fita yi wa albasa. Ya haɗa magani da ruwa kamar yadda ya saba, murfin injin bai kama da kyau ba, maganin ya riƙa zubo mishi a hannu yana aiki. Da rana ta take, matarsa Atika ta aiko da dambu. Ya hau gindin tsamiya, babu duro. Ya matsa kwalba, ya murza hannu har ya bushe, ya ji ƙamshi da sanyi, ya yi bisimilla ya ci da hannun nan, ya suɗe. Kafin la'asar gumi ya rufe shi, yawu na zuba, ciki na murɗawa, ga amai, ganinsa ya dushe. Maƙwabcin gona ya ɗauke shi a babur zuwa ɗakin shan magani, daga can sunka ce a wuce da shi asibitin Wurno.

Ina tsaye ana sauke mini buhuna daga mota waya ta shigo. Inna ce. Ba ta yi kuka ba, gaisuwa ma ta yi mini cikakkiya, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce Nasiru ba ya jin daɗi an tafi da shi asibiti. Duk wanda ya san Inna ya san in ta yi magana a hankali haka to abu ya kai. Tsakanina da gida tafiya ce da ba a yin ta a yini guda, ga kaya a ƙasa waɗanda in na bar su za su ruɓe, kuma da su za a biya asibitin. Ban taho ba. Na zauna a kan buhu da waya a hannu. Wanga shi ne ci-rani, ba na kuma yi wa kowa fatan ya ɗanɗana irin wannan zaman.

Allah ya yi da sauran kwana. Ma'aikatan asibitin sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Nasiru ya tashi, sai dai ya daɗe hannunsa na rawa, kuma har yau in ya sha rana kansa na sarawa. Albasar bara rabinta ta lalace don babu mai kula. Ban rubuto don albasa ba.

Ga abubuwan da nake son kwamiti ya duba.

Na ɗaya. Da Nasiru ya farfaɗo, Atika ta miƙa wa likitan waya na yi magana da shi. Na tambaye shi kai tsaye, mi ya sa maganin goge hannun bai yi aiki ba, ko na jabu ne? Ya ce ko na ƙwarai ne ba aikinsa ba ke nan. Ya ce man nan kashe wasu ƙwayoyin cuta yake yi, ƙwayar cuta kuwa abu ne mai rai. Maganin feshi guba ne, ba rai gare shi ba balle a kashe shi. Sai dai a wanke shi ya bar fata, kuma ba abin da ke yin haka sai sabulu da ruwa mai yawa wanda zai zuba ya tafi da shi.

Maganar ta tsaya mini a rai, sai na gwada da kaina, don ni mutum ne mai son ya gani. Na shafa manja da ƙasar buhun albasa a tafin hannu, na matsa irin kwalbar nan, na murza kamar yadda ake yi. Abin da na samu shi ne dattin da ke tafina ya bazu har bayan hannu da tsakanin yatsu, ya yi ƙamshi. Ko ɗigo bai bar hannuna ba. Ina za shi? Ruwa ba ya zuba, komai ba ya faɗuwa ƙasa. Kowa a cikinku na iya gwada wanga a zaure, ba ya buƙatar karatu. Abin da Nasiru ya yi ke nan da guba, ya shafe ta ko'ina a hannunsa da niyyar tsabta, sannan ya ci.

Zan faɗi gaskiya duka, ko da ta rage wa ƙarata ƙarfi. Likitan bai ce ta hannu kaɗai gubar ta shiga ba. Ya ce rigarsa da ta jiƙe da maganin tana nan jikinsa, ya ce babu abin rufe hanci, ya ce iska na iya maido feshi kan mai yi. Duk wannan namu ne, mu da ba mu saya mishi kayan kariya ba, kuma na saya na aika. Amma ya ce cin abinci da hannun da bai ga sabulu ba shi ne hanya mafi kusa zuwa ciki. Wannan hanyar kuwa a rufe take shekarun da duro ke gindin tsamiya.

Na biyu. Ko a bar maganar feshi. Ku dubi hannun mutumin da ya wuni yana dashen albasa. Laka ce har gwiwar hannu, ga takin kaji da na shanu a ƙarƙashin farce. Ku dubi hannun masuncin da ya fito daga gulbi yana gyaran kifi. Na je wurin wani mai kemis a nan kusa da kasuwarmu, mutum ne mai haƙuri, shi ke sayar da kwalaben ma, na tambaye shi. Ya ce man nan an yi shi ne don hannun da a ido ba ya da datti. In akwai laka ko maiƙo, ba ya ratsawa ya kai ga fata, ƙwayoyin na nan kwance a ƙarƙashi. Ya ƙara da cewa akwai ƙwayoyin da ke kawo gudawa da amai waɗanda ko a hannu mai haske ba ya yi musu abin kirki, sabulu da ruwa ya fi shi a kansu nesa. Mutumin da cinikinsa ke nan shi ya faɗa mini haka.

Gaskiya ne asibiti suna aiki da shi, kamar yadda mai shela ya ce. Amma hannun malamar asibiti daga wannan gado zuwa wancan yake tafiya, ba daga kwamin albasa ba. Kuma ita ma in ta taɓa abin da ya ɓata mata hannu, famfo take nufa. An ɗauko abin da anka yi don hannun ofis anka ba hannun fadama, ba a gaya wa kowa bambancin ba.

Akwai kuma abin da na ji yana faruwa, wanda ba na zargin kowa a kai sai talauci. In kwalba ta yi rabi sai a cika ta da ruwa don ta daɗe. Wasu sun yi haka har ya zama ruwan randa ne mai ɗan ƙamshi suke shafawa. Mai kemis ya ce da an surka shi ƙarfinsa ya tafi. Ashe mutum na nan da kwalba a aljihu da natsuwa a zuciya, hannunsa kuwa yadda ya fito daga laka.

Na uku, maganar sabulu, kuma wannan a cikin gidana na same ta. Lokacin da anka raba kwalabe an haɗa wa kowane gida da sabulu guda, irin mai tsadar nan da ake cewa yana kashe ƙwayoyin cuta. Anka yaba shi sosai. Mata sunka fahimci cewa shi ne sabulun lafiya, sauran na wanki ne kawai da cire wari. Da na je gida da Sallah, na ga ɗiyata ƙarama ta fito daga bayan gida ta ɗauraye hannu da ruwa zalla. Na tambayi uwarsu Luba ina sabulu. Ta buɗe kwalla ta nuna mini shi a naɗe cikin takardarsa, ko jiƙa shi ba a yi ba, ta ce ajiye shi ta yi saboda baƙi da ranar rashin lafiya. Na ce to na salo fa, ga shi nan a bakin randa? Ta ce ai wancan ba ya kashe komai, in ji masu rabo, mi za shi ƙara wa yaro?

Luba ba sakarya ba ce. Abin da anka gaya mata ta riƙe. Kafin a kawo mai tsadar, da na salo take wanke wa yara hannu safe da yamma ba tare da tunanin komai ba. An zo an rage mishi daraja a idonta, an ba ta wanda ba ta iya saye in ya ƙare, sai ta tashi ba wannan ba wancan.

Shi ma na tambaya a kansa. Likita da mai kemis duk amsa ɗaya sunka ba ni, kuma ba su san juna ba. Ga wankin hannu na gida, sabulu sabulu ne. Ba a ga wani fifiko na a zo a gani da mai tsadar ya yi wa na salo ko na wanki ba. Aikin yana ga kumfa da cuɗawa, a bi bayan hannu da tsakanin yatsu da farce, a ɗan daɗe ana yi, sannan a zuba ruwa mai tsabta ya tafi da komai. Wanda ya cuɗa na salo da kyau ya fi wanda ya shafi mai tsada ya ɗauraye a gurguje. Na yi wa Luba wannan bayani ta waya har sau nawa. Ta ce to. Amma na san irin wannan to ɗin, ta mai jiran ta ji daga bakin manya ce.

Na huɗu, haƙƙinku da ke kaina. Ban ce kwalbar banza ce ba. Ina da ita a aljihuna yanzu haka. A nan kasuwa ina karɓar kuɗi daga hannu iri iri, ina gaisawa da jama'a, famfo na da nisa, tana yi mini amfani. Mai tafiya a mota daga Achida zuwa Sakkwato, mai zuwa dubiya asibiti, malamin makaranta a aji, duk ta dace da su, in hannun ba datti, anka matsa isasshe, anka murza har ya bushe. Ban kuma ce kwamiti ya yi don cuta ba. Na ji masu cewa wani ya ci riba a sayen kwalaben. Ban gani ba, ban yarda ba, kuma na ce wa mai faɗa mini ya bari. Na san ka, Baba. Na san da aljihunka ka sha gyara rijiyar makaranta ba ka gaya wa kowa ba. Abin da na yi imani da shi shi ne kun ga wahalar duro, kunka ga abu na zamani mai sauƙi, kunka ɗauka ci gaba ne. Kuskure ne irin na mai son alheri. Sai dai gubar da ta shiga cikin Nasiru ba ta tambayi niyyar kowa ba.

Na biyar, dalilin da ya sa takardar ta zama buɗaɗɗiya. Bayan an sallamo Nasiru na kira ka, ka yi mini jaje, na gode, na faɗi maganar duro, ka ce za a duba. Da Sallah na zo har zaure na durƙusa na sake faɗi, ka ce kwamiti zai zauna. Da na dawo na rubuta a zauren waya na ƙungiya, inda 'yan gida da 'yan ci-rani ke haɗuwa. Ba a jima ba anka goge saƙon, wani daga cikin masu kula da zauren ya kira ni ya ce kada in kunyata dattawa, ƙaddara ce ta faɗa wa Nasiru, in yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara, da ita nake zaune a garin da ba a jin harshena. Amma ban san yarda da ƙaddara ta hana a gyara famfo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. In za a yi gini ko gyaran hanya, mu na nesa ake fara kira, a ce mu ne ƙarfin gari, kuma ba mu taɓa ƙi ba. Ranar da ɗayanmu ya ce ga abin da ya kusa kashe ƙanensa, sai ya zama yaron da ya je kudu ya koyo rashin kunya. Na gaji, Baba. Shekaruna sun fara ja, gwiwata ba ta son ɗaukar buhu, ina kwana a ɗakin da ruwan sama ke shiga, duk don gida ya tsaya. Ban nemi a gode mini ba. Na nemi in na yi magana a kan ran ɗan uwana a saurara.

Sannan abin ya wuce garinmu. Direbobin da ke kawo mana kaya sun gaya mini wasu garuruwan fadama ta wajen Goronyo da Wurno sun ga abin da munka yi sun yaba, suna shirin kwaikwaya. In haka ne, gara su ma su karanta.

Ga roƙona.

A maida duro gindin tsamiya kafin a fara feshin bana. Famfo sabo da sabulun rani guda na ɗauka a kaina, ba sai an yi taro a kai ba. Sabulun na salo ko na wanki ya isa. A huda shi a rataye da igiya a reshe inda akuya ba ta kai, a haƙa ɗan rami a zuba tsakuwa inda ruwan zai riƙa zuba, nesa da hanyar ruwan gona da wurin shan dabbobi. Cika duron kuwa, masu injin ban ruwa suna wucewa ta nan kullum, in kwamiti ya raba musu kwana ba wanda zai ƙi, in dai daga bakinka ya fito.

A bar wa mutane kwalabensu, amma a gaya musu wurinta. Ta tafiya ce da kasuwa da inda babu ruwa, ga hannun da ba ya da datti. Ba ta bayan feshi ba ce, ba ta bayan taki ba, ba ta bayan fitowa daga bayan gida ba in akwai ruwa. Kada a surka ta. A ɗauke ta daga inda ƙananan yara ke kai hannu, a nisanta ta da murhu, don tana kama wuta.

A gaya wa mata, ta bakin da suke yarda da shi, cewa sabulun da ke bakin randarsu ya isa, su fito da na cikin kwalla su yi amfani da shi, in ya ƙare su koma wa na salo ba tare da jin sun rage wa 'ya'yansu komai ba.

A nemi ma'aikacin lafiya ko malamin gona ya zo ya yi wa masu feshi bayani, yadda ake wanka da sauya tufa bayan aiki, da abin da za a yi in magani ya zubo wa mutum. Kada a tsaya a kan maganata, ni mai albasa ne. A tambayi wanda ya sani, in ya ce na yi kuskure a wani wuri zan rubuta a bainar jama'a in janye, kamar yadda na rubuta wannan.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma kai kaɗai ke iya shi. Maganar da anka yi da shela, da shela za a warware ta. In an maida duro shiru ba a ce komai ba, mutane za su ci gaba da abin da sunka ji da kunnensu ranar kasuwa. Ina roƙon ka tashi bayan sallar Juma'a ka faɗa da bakinka cewa bayanin farko bai cika ba, ga cikonsa. Ba za ka ragu a idon kowa ba. Ni dai a idona ƙaruwa za ka yi.

Zan gaya maka abin da ya sa na nace sai kai. Irin albasa ya kai dashe, feshi na tafe. Na kira Nasiru na ce kada ya kuskura ya saɓa injin nan sai ya tafi da jarkar ruwa da sabulu, ya bar kwalbar a gida. Na yi mishi bayanin likita, na yi mishi na manja. Ya saurare ni har na gama, don ba ya katse ni. Sannan ya ce, Yaya, na ji, amma Baba Alhaji da kanshi yab ba ni kwalbar ga, kuma bai ce ta ɓaci ba, ƙila rigar ce tac cuce ni. Na ɗaga murya, abin da ban saba yi mishi ba. Ya ce in yi haƙuri, zai je ya tambaye ka, abin da ka ce shi za ya yi.

Ban ji haushinsa ba. Haka mahaifinmu ya tarbiyyantar da mu, ya ce bayan ransa kai ne ubanmu, kuma Nasiru ya riƙe wannan fiye da ni. Ni yayansa ne mai magana ta waya daga nesa, kai kuwa yana ganinka a sahun gaba kullum.

Saboda haka yana nan tafe wurinka, ko yau ko gobe. Zai cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa, ya gaishe ka, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. In ya faɗa, ina roƙonka don Allah da zumuncin da ke tsakaninka da mahaifinmu, ka dubi hannunsa kafin ka ba shi amsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya yi wa kwamiti jagora, ya tsare manomanmu da masuntanmu, ya jiƙan magabatanmu. Inda harshena ya yi kaifi a yafe mini, gajiya ce da nisa, ba raini ba.

Wassalam.

Ɗanka,
Haruna Isa,
daga Fatakwal.